Abin da Ya Sa Malam Ya Bar Gadon Asibiti

Na san abin da ake faɗa a Kusada, na kuma san ya daɗe da isowa kunnuwanku, ko da yake ba wanda ya taɓa tunkarata da shi a cikinku. Cewa ake yi na kai mahaifina asibitin da nake koyon aikin likita, na tsaya da farar riga aka tuɓe shi a gaban 'yan mata da baƙin ƙasa, baƙin cikin haka ya koro shi gida ya rasu. Masu ƙara gishiri ma sukan ce da hannuna na ɗaga masa riga. Na bar maganar tana yawo tun ina saurayi har na yi furfura, don gyara ta sai an buɗe abin da Malam, mahaifin nawa, ya rufe, ni kuwa ban ga dama ba. Yanzu duk waɗanda za su ji kunya sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafafuna sun fara nauyi, to gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin wanda bai san komai ba.

Ku da kuka tashi kuna hawa hannun kujerata kuna cire mini hula, zai yi muku wuya ku gane yadda muka zauna da kakanku. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidan malamai irin namu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Malam bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa ɗaukata ba, bai taɓa cin abinci ina wurin ba, in kuwa na yi abin kirki aka yabe ni a gabansa sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Inna ma haka take. Ana yaye ni aka miƙa ni ga yayar Malam, Goggo Hajo, wadda ke aure a Kankiya, a hannunta na girma. Shi ya sa in magana ta kama dole a kaina, Malam yakan ce mutumin Kankiya. Ƙanena Sani kuwa, wanda ke bi na, shi kam ana kiransa da suna, ana yi masa tsawa, ana ma yi masa dariya. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kishin tsawar nan.

Abin dariya shi ne kunyar nan ce ta kai ni makarantar boko. Goggo ce ta sa ni, Malam kuma ba ya so, amma kafin ya hana sai ya fito fili ya nuna ya damu da ɗan fari, abin da ba zai iya ba ke nan. Goggo ta san haka sarai, ta kuma yi amfani da shi har na kai jami'a. In na je Kusada hutu, nakan tsugunna a bakin zaure in gaishe shi, ya amsa idonsa na kan littafi. Daga nan ya juya ga Sani ya tambaye shi ko mutumin Kankiya ya iso lafiya, ko karatu na tafiya daidai. Ni kuma in juya ga Sani in ba shi amsa, alhali tsakanina da Malam bai fi a miƙa hannu ba. Sani ya saba har ba ya maimaitawa, sai dai ya riƙa gyaɗa kai yana gyaran ƙotar fartanya. Ban taɓa ganin wani abin mamaki a ciki ba, haka na ga ana yi.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda muka bar aji muka shiga ɗakunan marasa lafiya. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, ko'ina a jami'a gini ake yi, ana ba mu kaza a ɗakin cin abinci, a gida kuwa ruwan sama na ta yi wa mutane rowa. Aka ba mu fararen riguna da abin sauraren ƙirji, muka rataya a wuya muna taƙama kamar mun san wani abu. Aka raba mu rukuni rukuni, kowane rukuni da babban likitan da zai bi. Namu wani dogon mutum ne daga ƙasar waje, gwanin tiyata, mai faɗa kamar ya ari baki, har muka sa masa suna Hadari. Kowace safiya yakan shiga gaba mu bi shi a baya, gado bayan gado, a jawo labule mai taya a kewaye majinyaci, a buɗe inda ke ciwo, ya sa ɗayanmu ya duba, ya taɓa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, sannan ya faɗi abin da ya ji. Yakan ce likitan da ke kunyar jikin mutum gara ya koma kasuwa ya sayar da atamfa. Ranar da na fara ɗora hannu a cikin wani tsoho sa'ar Malam, zufa ta jiƙe mini riga, tsohon ne ma ya riƙa ba ni haƙuri. Amma hannu yakan saba. Kafin a yi nisa na zama na gaba gaba, musamman da yake da yawa daga abokan karatuna ba sa jin Hausa, ni ke yi musu tafinta. Na so aikin nan ƙwarai, har yau ina son shi.

Da aka yi mana ɗan hutu farkon damina na je Kusada, idon da aka koya mini ya ga abin da da ba zai gani ba. Malam, wanda ya yi shekara da shekaru yana limancin masallacin unguwarmu, na same shi a sahun baya, na'ibinsa na jan salla. An ce wai muryarsa ce ta gaji. Na lura buta ba ta rabuwa da hannunsa. Yana tsakiyar ba manyan almajirai karatu sai ya miƙe ya zagaya, ya daɗe, ya dawo yana cije leɓe, ba a jima ba ya sake miƙewa. A igiyar shanya ta cikin gida kullum akwai wandunansa a jere, kuma ya koma sa turare mai yawa, shi da ba mai son turare ba ne. Na san hukuncin tun ina yaro: mai yoyon fitsari sallarsa ta yi, amma an karhanta ya limanci masu lafiya. Na kuma san ciwon, don na ga irinsa a gadaje da dama. Akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji da kan kumbura in an manyanta, ta matse hanya, fitsari ya ƙi fita yadda ya kamata sai ɗigo. In an yi aiki an cire ta mutum yakan warke ya ci gaba da harkarsa. In an bar ta, a hankali ƙoda ke lalacewa, ita kuwa ba ta dawowa.

Ga ni na san ciwon, na san maganin, amma ba ni da bakin tambaya. Ko ciwon kai ne ba zan iya ce wa Malam ina ke maka ciwo ba, balle wannan. Na taɓa Sani da maganar, ya ce ai sanyi ne, ana jiƙa masa sassaƙe. Washegari na hau mota zuwa Kankiya na zayyana wa Goggo komai, kaina a ƙasa. Ta saurara ba ta katse ni ba, ta ɗauki mayafi muka komo tare. Goggo ce kaɗai a duniya ke iya ɗaga wa Malam murya, don ita ta goya shi. Ta kori kowa daga zaure ta turo ƙyaure, muna jiyo faɗanta daga waje ba mu jin kalmomin. Da ta fito ta ce ya yarda, amma kada in ɗauka tsoron mutuwa ne ya sa. Abu ɗaya ya tambaye ta, ko in an yi aikin zai iya komawa gaban sahu da tsarkinsa. Ta dube ni, na ce zai iya. Ta ce to a shirya.

Ni na zaɓi a kai shi asibitin koyarwarmu, duk da akwai waɗanda suka fi kusa, don a nan na san gwanaye suke, kuma ina ganin zan iya sa ido daga nesa. Na shirya yadda za a kwantar da shi a ɗakin wani babban likita daban, inda ƙafata ba ta zuwa. Goggo ta sauka gidan wata 'yar'uwarta a cikin gari, Sani ne zai kwana da shi jinya. Abin da ban sani ba shi ne gadajen wancan ɗakin sun cika a ranar, sai ma'aikata suka kai shi inda aka samu gado. Ba laifin kowa ba ne, haka ake yi kullum.

Da safe na shiga ɗakin maza a bayan Hadari kamar yadda aka saba. Ɗaki ne dogo, gadaje a jere hagu da dama, mutum na ƙofa yana hango ƙarshensa. Ban fara ganin Malam ba, butarsa na gani a ƙarƙashin wani gado can ƙurya, butar ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki da na sani tun ina yaro. Na ɗaga ido na ga mutum a kwance ya rufe fuskarsa da rawani. Muka fara zagaye daga bakin ƙofa. Ban san abin da aka faɗa a gadajen farko ba, ina dai ganin muna matsawa, labule na gangarawa kusa da shi. Da ya rage gado ɗaya tsakani, na ja da baya a hankali, na juya na fita. Na tsaya a bayan ɗakin ƙarƙashin wani dalbejiya har aka gama.

Za ku ce me ya hana in buɗe baki in ce wannan mahaifina ne. Na sha yi wa kaina wannan tambaya. A gaban gadon ba zan iya ba, don duk idanu za su koma kansa, ya san an san ko shi wane ne, alhali rufe fuskar da ya yi roƙo ne a bar shi a matsayin wani tsoho kawai. Zuwa ofishin Hadari kuma, yaro ɗan ƙauye kamata a wancan zamani, ba ƙaramin abu ba ne. Ban da haka, bakina bai saba da kalmar ba. Har na kai wannan shekarun ban taɓa nuna Malam na ce wa wani ga ubana ba. Sai na yi wa kaina ƙarya cewa ba a lura da fitata ba, zuwa gobe kuma wataƙila a samu gado a mayar da shi wancan ɗakin.

Ba a mayar da shi ba, kuma an lura. Washegari da na sake ja da baya, ban kai ƙofa ba na ji muryar Hadari ta cika ɗakin. Ya kira sunana, sunan da Malam bai taɓa furtawa ba, ya ce in tsaya nan. Cikin Turanci ya wanke ni tas a gaban ɗalibai da ma'aikata da majinyata. Ya ce jiya ya gan ni, yau ma ya gan ni, ɗakinsa ba kasuwa ba ce da za a shiga a fita. Ya ce duk ɗalibin da ke barin zagaye ba zai sa masa hannu ba, wanda kuma bai sa wa hannu ba ba ya zama jarrabawa, in na ga dama gobe ma in fita in gani. Na tsaya ina kallon ƙasa, na ba ƙuryar ɗakin baya. Da ya gama ya juya ga gadon da ke gabansa, ni kuma na ƙarasa fita. Na tuna har na ɗan ji sanyi a raina da na tuna Malam ba ya jin Turanci.

Da aka tashi daga zagaye na tara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni na ƙwanƙwasa ofishinsa. Na gaya masa ko wane ne tsohon gadon ƙurya, na yi ƙoƙarin bayyana masa abin da ke tsakanin uba da ɗan fari a wurinmu. Ban sani ba ko ya gane duka. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido, sannan ya ce ni wawa ne, me ya sa ban faɗa tun jiya ba. Nan take ya ce daga gobe in koma wani rukunin har a sallami tsohon, ba abin da zai taɓa jarrabawata. Aikin kuma shi zai yi da kansa cikin makon, ba kuma zai ƙara kawo ɗalibai gadon ba. Mutumin kirki ne, faɗa ne kawai ya yi masa yawa. Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse, na nufi ɗakin maza in leƙa in yafito Sani ya kai saƙo.

Gadon na tarar an naɗe katifarsa, ba buta a ƙasa. A gadon gefe akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya daɗe a kwance. Na tambaye shi, ya ce sun tafi tasha tun bayan azahar, ya juya fuskarsa bango bai ƙara ba.

Na same su a tasha, mota na lodi. Malam na zaune a kan buzunsa a inuwar wata rumfa, Goggo a gefe fuskarta a murtuke, Sani na riƙe da ƙunshin kaya. Na cire farar rigar na dunƙule ta a hammata, na tsugunna nesa kaɗan na gaishe shi. Ya amsa yana kallon tasbaha. Sai na fuskanci Goggo na ɗaga murya yadda zai ji.

"Goggo, na ga babban likita. An gyara komi. An canza mani ɗaki, ba ni ƙara shiga inda Malam yake, kuma ba a ƙara kawo ɗalibai. Cikin makon nan za a yi aikin."

Goggo ta juya gare shi. "To ka ji. Mi ya rage kuma? Tashi mu koma."

Malam ya ja tasbaha, sannan ya ce, "A ce mishi na ji."

"Ka ji, sai mi?"

"A ce mishi shi koma wurin karatunshi. Rana na yi."

Goggo ta yi faɗa har mutane suka fara waiwaye, ta ce tun yana yaro taurin kansa ya fi na jaki. Da aka kira fasinja ya miƙe da ƙyar ya dafa kafaɗar Sani ya hau. Ina tsugunne a wurin har motar ta fita daga tasha. Wani yaron mota ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Abin da na ɗauka shi ne abin da kowa ya ɗauka, cewa buɗe shin da aka yi a gaban ɗalibai ne ya kasa haɗiyewa. Sani ya ba da labari a gida ba da wata manufa ba, ya ce ana jawo labule, samari da 'yan mata masu fararen riguna su kewaye mutum. Mutane suka ce ai ɗan nasa ma mai farar riga ne, suka ƙarasa sauran da kansu. Ni kuwa na koma karatu da fushi a cikina, kuma da Malam nake fushin. Ina ganin mutum mai ilimi kamarsa, wanda ya san an halatta wa likita ganin abin da lalura ta sa, ya zaɓi kunya ya bar rai. Na riƙa aika wa Goggo a kai shi Katsina ko Kano, inda ba ni ba abokaina. Amsar kullum ɗaya ce, sai an yanke gero. Geron da bai yi ba a shekarar aka yanke, aka ce sai bayan azumi. Ina tsammanin ƙarfin halin da ya tara ya je sau ɗaya ne ya ƙare, bai kuma sami wani ba. Na zauna jarrabawar ƙarshen shekara na ci, Hadari da kansa ya yaba mini, ban ji daɗin komai ba.

Bayan salla da 'yan makonni wani direba ɗan garinmu ya same ni da saƙon Goggo, wai in zo yanzu, in kuma taho da farar rigata. Ban gane na rigar ba, na dai sa ta a jaka. Na isa Kusada da la'asar sakaliya. Tun daga tsakar gida na ji shaƙuwarsa, irin wadda ba ta tsayawa. Inna ta fito daga ɗakin ta wuce ni idonta jawur. Na leƙa daga bakin ƙofa na ga fuskarsa ta kumbura, fatarsa ta yi fari fat kamar an shafa toka. Ba sai na taɓa shi ba, na san ƙodar ta tafi, kuma a wancan zamani ba abin da za a yi, ko a asibitinmu.

Goggo ta ja ni zaure ta ce tun shekaranjiya yake cewa a kirawo masa likita. Na ce to bari in koma Kankiya in ɗauko malamin asibiti. Ta dube ni yadda takan dube ni in na zubar da fura ina yaro.

"Kai dai karatu bai ƙara maka wayo ba. Sa rigarka ka shiga."

Na sa rigar, na rataya abin sauraren ƙirji. Goggo ta shiga gaba ta yi sallama ta ce ga likita ya zo. Malam ya buɗe ido ya dube ni. Ku gane, ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce likita sannu da hanya, ya zaro hannunsa daga mayafi ya miƙo mini. Na zauna a bakin gadon na kama wuyan hannun kamar yadda aka koya mana, na kafa idona a kan agogo. Hannun ba nauyi, ga kanta a yatsan da yake riƙe alƙalami. Wannan ne karo na farko da na san na taɓa jikin ubana.

Ya yi magana a hankali, shaƙuwa na katse shi.

"Likita, ina da wani yaro can wurinku, shina koyon irin aikinku. Ko ka san shi?"

Na ce, "Na san shi, Malam."

"To in ka gan shi ka hwaɗa mishi, ba don an buɗe ni na taho ba. Wanga duk lalura ce, na san hukuncinta. Kuma na san bai gan ni ba. Ya hita tun ba a iso gareni ba, ranar hwarko da ta biyu. Na san takunshi."

Ya huta. Goggo ta ba shi ruwa a ludayi ya jiƙa leɓe.

"Ranar ta biyu na ji babbansu na yi mishi hwaɗa. Na tambayi maƙwabcina na gado, mai jin Turanci, mi aka ce. Ya ce an ce wanda ke hita ba a ba shi jarrabawa. To ni na san yaron, in na kwana goma a gadon nan, sau goma zai hita. Shekarun da ya yi shina wahala su tashi a banza sabadda tsoho guda? Shi ya sa na ba shi wuri."

Na kasa ɗaga kai daga agogon. Hannun agogon na zagayawa, ban ƙirga ko bugu ɗaya ba.

"Ya biyo ni tasha ya ce wai an gyara," in ji Malam, har ya ɗan yi murmushi. "Yaro ne mai kunya. Ko ba a gyara ba haka zai ce."

A nan ne aka ba ni zaɓi, kuma ba ni da lokacin shawara. Gaskiya ce na faɗa a tasha, an gyara ɗin. Da ya koma gadon nan da an yi masa aiki, da ya tsaya gaban sahu da tsarkinsa, ni kuma ba abin da zai taɓa karatuna. In na faɗa masa haka, na gaya wa mutumin da ke bakin kabari cewa ya ba da ransa a kan abin da ba a nema ba. In na yi shiru kuma, na bar shi ya tafi yana ganin na yi masa ƙarya a tasha. Na ji idon Goggo a kaina, ita ma ta san gaskiyar.

Na ce, "Zan gaya mishi, Malam. Ya ci jarrabawar."

Ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi, ya maimaita. Ban yi nadamar shirun nan ba ko sau ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa na bar mutanen Kusada da labarinsu. In na ce ban tsaya a kansa ba, sai a tambaye ni to me ya koro shi, ni kuwa ban so a riƙa cewa a majalisa Malam ya mutu a kan kuskure. Na gwammace a ce ɗan ne marar kunya. Goggo ta riƙe maganar har ta koma ga Allah, Sani kuwa sai yanzu zai ji, in kun karanta masa.

Na daɗe riƙe da hannun, fiye da yadda kowane likita ke buƙata, shi ma bai janye ba. Can ya tambaye ni yaya na ji jikin, na ce da sauƙi in Allah ya so. Ya ce haka ne. Sannan ya zare hannunsa a hankali ya mayar cikin mayafi, ya juya ga Goggo.

"A ba likita ruwa, ya sha hanya. Mutumin Kankiya kuwa, in ya iso, a ce mishi na tambaye shi."

Na fita zaure na cire rigar na ninke ta. Na wanke fuskata da ruwan butarsa da ke jingine a bakin ƙofa, na dawo na tsugunna daga wajen ɗakin kamar yadda na saba tsugunnawa, na gaishe shi. Ya amsa yana kallon bango, ya tambayi Goggo ko an iso lafiya. Na ce wa Goggo lafiya lau.

Washegari da hantsi aka yi masa sutura.